Harsasan Orval Sun Ƙi Zama

Ƙwal. Orval Tinsley ya kifa bututun, harsashin ya faɗo a tafinsa, ya ɗauki na gaba ya saka. Ƙwal. Haka yake yi kowace safiya a garejinsa kafin kofi ya huce: ya cire bututun ƙaramar bindigarsa, ya riƙa jefa harsasan da ya ɗura da hannunsa a ciki ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace, kamar mai jiran amsa daga sama. Wanda ya zauna daidai yana da ƙararsa, gajeriya, mai daɗi. Shekara talatin ina zaune a kan bokitin fenti ina jin ta.

Orval tsohon direban motar madara ne a kwarin nan namu na Idaho. Bai taɓa harba harsashin kanti ba, ya ce wannan na malalata ne da 'yan birni. Kwanson tagulla na harsashin da aka riga aka harba yake wankewa, ya zuba albarushi, ya ɗora dalma, ya matse. Shi ke riƙe da makullin filin harbi na ƙungiyarmu, shi ya rubuta dokar da ke manne a ƙofa: kowa ya tsinci kwansonsa, wanda ya ɗauki na wani ba zai sake taka filin ba sai baɗi. Fasto ma bai tsira ba. An kama shi da guda shida a aljihu, Orval ya raka shi har mota yana karanta masa ayar kada ka yi sata.

Wata Alhamis, saura kwana biyu gasar shekara wadda bai taɓa fashinta ba, ƙarar ta ɗauke. Harsashi ya shiga ya tsaya, gindi a waje, kamar saniyar da ta so shiga akurki. Ya wanke bututun. Ya ƙara tura dalmar ciki. Ya ƙara matse bakin kwanson. Ya zagi injin ɗurin, ya zagi sanyi, ya zagi gwamnati. Kafin rana ta yi tsaka, arba'in cikin ɗari biyu sun ƙi zama, ya jera su a gefe kamar 'yan tawaye.

Sai ga Darlene Pruitt ta dawo masa da tsanin da ta ara. Ita ce mai gyaran gashi a garinmu, ita kaɗai ce ke kayar da shi a gasa. Tsohuwar bindigar mijinta take harbawa, mai kumbura kwanso ta gindi. Kuma kamar kowa, tana yi wa kwansonta alama, sai dai ita ba da alƙalami ba, da jan farce ruwan hoda.

"Tsoho, wa ya mutu?" in ji ta.

"Babu ruwanki, gyatuma. Ajiye tsanin ki kama gabanki."

Ba ta kama ba. Ta ɗauki ɗaya daga cikin 'yan tawayen, ta murza shi tsakanin yatsu.

"Kai, wannan ai ciki gare shi. Wata nawa?"

Ta zaro tabarau daga jaka, abin da Orval ya rantse ba zai saka ba har kabari. Ta duba ɗan kwarmin da ke zagaye gindin kwanson, inda wanki ba ya kaiwa. Ta ɗauki na biyu. Ta ɗauki na uku. Ni dai na sa ido a cikin kofina.

"Orval, zuciyata," ta ce a hankali, "yaushe ka fara sa jan farce?"

Kunnuwansa suka yi ja har suka fi alamar.

"Iska ce ta garo su layin da nake harbi."

"Iska. Guda arba'in. Ita ta wanke su, ta zuba musu albarushi?"

"Ni nake share filin ranar Lahadi! Abin da tsintsiya ta tara..."

"Fasto ma cewa ya yi a ƙasa ya gani."

Ta zauna a kan kujerarsa, wadda ko matarsa ba ta zama a kai, ta zuba wa kanta kofi.

"Kwantar da hankalinka. Ni ba mai surutu ba ce. Mutum tara kacal zan yi wa gashi gobe, ta farko matar fasto."

Orval ya daɗe yana kallon jerin. Rana ta leƙo ta taga ta kwanta a kan tagullar, duka arba'in ɗin suna sheƙi, ba ko kunya. Sannan ya kwance makullin filin daga ɗamararsa, ya aza shi a gabanta.

"Ƙarfe bakwai ake buɗewa. Ba bakwai da kwata ba."

"Orv, wasa nake yi. Zo ka harba abinka ranar Asabar."

"Doka ba ta san wasa ba. Ni na rubuta ta." Ya ɗauki hularsa, ya tsaya a bakin ƙofa. "Kuma ki kai wannan akwalar bindigar taki gyara. Tana ɓata wa mutane kwanso."

Ya fita, ya bar mu da ƙofa a buɗe.