Hannun Babana da Makaɗan Bakin Rijiya

Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, a Samaru take zaune, cikin wani ɗan gidan ƙasa da ke bayan kasuwa. Sana'arta tuyar ƙosai. Da la'asar take haɗa wuta a ƙofar gida, ɗalibai su yi ta zuwa saye har magariba. In ta idar da salla, ƙullu kuma ya ƙare, sai ta janye itace ta bar garwashi, mu jikoki mu kewaye murhun muna tsintar 'yan ƙananan da suka rage a kwando. A nan muke samun tatsuniya. Mu a Muciya muke, cikin Sabon Gari, sai an yi hutu ake kawo mu wurinta, saboda haka kowace tatsuniya tana da daraja a gare ni.

Iya ta fi son irin tatsuniyar da ke ƙarewa da tambaya. Za ta kawo gwanaye, kowa ya nuna abin da ya iya, sannan ta ce mu faɗi wanda ya fi. Mu yi ta musu har wani ya yi fushi, ita kuwa tana jan carbi tana murmushi. Ba ta taɓa faɗin nata zaɓin. In muka matsa mata sai ta ce ita kawowa ce aikinta, hukunci namu ne.

Mahaifina, Garba, shi ne ɗanta na fari. Don haka ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "mutumin Muciya", kuma ba ta yaba masa a gaban kowa, ba ta tambayar lafiyarsa kai tsaye. Haka ta taso ta ga iyayenta suna yi wa 'ya'yan fari kunya, haka ta riƙe. Shi kafinta ne a wani wurin aikin katako a Cikaji, amma ranakun Asabar yana kaɗa jita a wata 'yar ƙungiyar makaɗa da ake gayyata bukukuwa a Sabon Gari. Abokansa biyu ne a ciki: Oga Emeka, mai sayar da kayan gyaran mota, wanda ke riƙe jitar da ke gaba, mai yin kuka da gudu, da Kawu Bulus, malamin firamare daga kudancin Kaduna, mai ganga. Baba kuwa jitar baya yake kaɗawa, wadda ke maimaita abu ɗaya a ƙasa don sauran su sami wurin takawa. Iya ba ta son wannan harka. Molon Nasara take ce wa jitar, kuma ba ta taɓa zuwa inda suke wasa ba.

Ina shekara tara, wata ranar Alhamis, zarton inji ya kama hannun Baba na hagu, hannun da yake danna tsirkiya da shi. Aka ɗauko ni daga makaranta aka kai ni Samaru, saboda gidan Iya ya fi kusa da asibitin da aka kwantar da shi. Umma, mahaifiyata, ta tsaya a zaure, mayafinta duk jini, ta gaya wa Iya cewa likita ya ce sai an shiga tiyata za a san ko hannun zai tsira ko kuwa daga wuyan hannu za a yanke. Ba su san ina bayan ƙyaure ba. Iya ta ce Allah ya sawwaƙe, Umma ta juya ta koma asibiti.

Na zaci ba za a yi tuya ba ranar, amma da la'asar ta yi Iya ta haɗa wutarta. Maƙwabta na zuwa jaje tana amsawa a taƙaice, idonta a kan kasko. Sau biyu ƙosai ya ƙone a gabanta tana riƙe da matsami, abin da ban taɓa gani ba.

Bayan magariba sai ga Oga Emeka da Kawu Bulus. An hana su tsayawa a ƙofar tiyata, suka ga gara su jira a nan, tunda nan Umma za ta fara kawo labari. Suka gaida Iya, suka zauna a kan benci. Duk acaɓar da ta rage gudu a bakin lungu sai mu ɗaga kai gaba ɗaya, in ta wuce mu mayar.

Ban san wanda ya fara ba, sai dai na ji sun shiga musun da suka saba yi a tsakar gidanmu kowace Lahadi, kaset na juyawa a rediyo: wane ne gwanin jita da ba a taɓa yin kamarsa ba a duniya. Sunayen ba su zauna mini ba. Na dai tuna Oga Emeka yana kan wani mutumin Kwango, wanda ya ce yatsunsa sun fi keken ɗinki sauri. Kawu Bulus ya ce sauri ba kiɗa ba ne, shi wani tsoho ɗan Gana ya sani, mai sa jita ta yi magana kamar mutum, in kuma ba shi ba to Buzayen Agadas.

"Kai Bulus, kunnenka na coci ne," in ji Oga Emeka. "In ba a ce amin ba, ba ka san waƙa ta ƙare ba."

"Kai kuma kayan mota sun lalata ka. Sai abu ya yi gudu kake yarda yana da kyau."

Suka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Ni kuwa duk lokacin da suka ambaci yatsu sai in sa hannuna na hagu ƙarƙashin zane ina taɓa yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Ina kuma jiran wani abu. A gidanmu musun nan ba ya ƙarewa sai Kawu Bulus ya ce, to bayan su duka sai Garba na Muciya, Baba ya jefe shi da hula, kowa ya yi dariya. Ranar sun zagaya Kwango, sun zagaya Gana, sun je har Amurka sun dawo, babu wanda ya ambace shi. A raina na ce sun san wani abu da ban sani ba, sun riga sun cire shi daga cikin makaɗa.

"Kawu Bulus," na ce, "ba ka faɗi Baba ba."

Ya kau da kai gefe. Oga Emeka ya sunkuyar da kai yana murza makullin shagonsa. Na ji kuka yana taso mini.

Sai Iya ta gyara zama ta tona garwashi. Ba ta taɓa yin tatsuniya a gaban manyan maza ba, balle baƙi.

"Binta, matso nan. Ga wata tafe gare ku, har da ku na kan benci."

Na ce ta iso mu ji.

Ta ce a wani gari rijiya ɗaya ce tak, kuma wani dodo ne ke kwana a cikinta. In yana barci a ɗebi ruwa lafiya, in ƙarar guga ta tashe shi sai ya janye ruwan ƙasa kwana bakwai. Aka gano kiɗan molo yana sa shi barci, sai aka nemo makaɗa. Na farko ya zo, daɗin kiɗansa ya sa mata suka saki igiya suka kama rawa, gugaye suka rufta ciki, dodo ya farka. Na biyu ya fi shi. Hannunsa ba a ganinsa don sauri, har tsuntsaye suka sauko kan bakin rijiya, shi kansa dodon ya leƙo ya ce bai taɓa jin irin wannan ba, a ƙara masa. Ya kwana yana saurare, babu wanda ya sami ko ɗigo.

A nan aka kira isha'i. Iya ta tashi ta shiga ciki, ta daɗe fiye da yadda ta saba. Da ta fito ta dubi bakin lungu kafin ta zauna.

Na ukun, ta ce, wani mutum ne da ke zuwa tun da asuba ya zauna gefe, ya riƙa kaɗa abu ɗaya, ba ya ƙarawa ba ya ragewa. Dodo ya yi ta minshari. Iya ta ja wannan wuri sosai. Sai da ta kawo matan garin ɗaya-ɗaya, wannan da tulunta mai tsaga, waccan da goyonta mai rigima, kowace ta cika ta tafi, babu wadda ta waiwayi mai molo. Har aka shekara ba a san kamanninsa ba. Ran nan ciwo ya kwantar da shi. Mata suka zo suka ji wurin wani iri, suka jefa guga, suka ji ta bugi busasshiyar ƙasa.

"To, cikin ukun nan wa ya fi?"

Oga Emeka ya ce ai na biyu ne, wanda dodo da kansa ya yaba. Kawu Bulus ya ce a dai duba na farko, sa mutane rawa ba ƙaramin abu ba ne. Suka fara ɗaga murya kamar yara. Ni dai na san ba za a raba musun ba. Sai na ji Iya ta yi magana, tana kallon wuta.

"Na ukun ne. Shi ne mai riƙe da garin. Allah kuma ba zai bar garin da ƙishi ba."

Oga Emeka ya dube ta. Sannan ya ce a hankali, "Haka ne, Mama. In ba ya bayana, ni ban san inda zan sa ƙafa ba."

Ba a jima ba acaɓa ta tsaya, wannan karon ba ta wuce ba. Umma ce. Mazan suka miƙe. Iya ba ta tashi ba, ba ta kuma tambaya ba, sai dai na ji tafin hannunta a bayana tana tura ni gaba. Ni na yi tambayar. Umma ta ce hannu yana nan, yatsu biyu aka cire, ƙaramin da na kusa da shi. Iya ta ce alhamdu lillahi, ta kwashe kaskonta ta shige ɗaki ta saki labule. Ta daɗe ba ta fito ba.

Baba bai koma wasan biki ba. Bayan wata da watanni ya koyi danna tsirkiya da abin da ya rage masa, yana kaɗawa a hankali a tsakar gida, Oga Emeka na zuwa ranar Lahadi ya hau kai da tasa jitar.

Da na girma na rubuta tatsuniyoyin Iya da ajami, rubutun da na fara koya, don kada su ɓace. Duk na ji su a bakin wasu tsofaffin da ɗan bambanci, ban da wannan. Ita ma ba ta sake yin ta ba. Da farko na ɗauka darasinta shi ne kada a raina mai aiki a ɓoye. Sai da na haifi nawa ɗan farin, na ji yadda sunansa ke yi mini nauyi a gaban mutane, sannan na gane a daren nan take ta ƙirƙire ta. Uwa ce ɗanta ke kwance ƙarƙashin wuƙa, al'ada ta hana ta kiran sunansa, jikarta kuma ta yi tambayar da babu mai iya amsawa. Ta amsa ta hanyar da ta rage mata.

Iya ta rasu da shekaru, Allah ya jiƙanta, kafin na ba Baba wannan labari. Ashe babu wanda ya taɓa gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, furfurarsa a sunkuye, hannun nan a kan gwiwa.

"Binta," ya ce, "sake faɗa mini. Wanne ta ce?"

"Na ukun, Baba."