Rasmane Tonde, Baƙon da Ya Yi Magana da Bakinsa

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoban nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran Rasmane Tonde a kan hanyar da ta tashi daga ƙauyenmu Zagipa zuwa bakin kwalta. Ya cika ne a kan ƙyauren ɗakinsa da muka cire muka ɗora shi, ni da 'ya'yansa biyu da wani tsoho maƙwabcinsa, muna tafe a ƙafa cikin taɓo muna neman asibiti. Ya bar matarsa Alizeta da 'ya'ya shida da jikoki, ya kuma bar gonar koko a bakin rafi, wadda saboda ita wasu suka ƙosa su ga bayansa. Ni Lago ɗan Digbeu, mai masaukinsa, ni na rubuta wannan, kuma ban rubuta don in sanyaya zuciyar kowa ba.

Yaya Rasmane, ka zo mana daga ƙasar Mosi kana saurayi, ba ka da komai sai adda da tabarmar salla. Mahaifina ya kai ka daji, ya nuna maka daga gindin rimi zuwa bakin rafi, ya zuba giya a ƙasa, ya ce ka sare, ka shuka, ka ci, 'ya'yanka su ci. Haka mu Bete muke karɓar baƙo: ya samu maigida, maigidan ya tsaya masa, shi kuma duk shekara ya tuna da shi. Shekara arba'in da ɗoriya ba ka taɓa cin sabuwar doya ba sai ka fara kawo ta gidanmu, da zakara a ɗaure a bayan keke. Da ƙafar tsohonmu ta gaza, kai kake goya shi a keken nan ka kai shi gona, ka zaunar da shi a inuwa don kawai ya ga kokonsa, mu 'ya'yan cikinsa muna birni muna neman aikin ofis.

Ranar da ya rasu ka ba Mosawa kunya, ka ba mu mamaki. Mu ba ma wasa da makoki, sai an yi kuka an yi birgima. Sai ga ka a tsakiyar fili da farar rigarka kana birgima a ƙasa, kana kiran sunayen kakanninsa da yarenmu ba tuntuɓe. Limaminku ya ja ka gefe ya ce wannan ba tarbiyyar musulmi ba ce. Ka ce masa ya yi haƙuri, wanda ya ba ka ƙasa ne ya tafi, dole ka yi masa kuka da harshen da zai ji. An daɗe ana tsokanarka da wannan, kai ma kana dariya.

Wa zai ce bai ci alherinka ba a Zagipa? Da wuta ta kama gonar Kipre a wani rani, tun bai zama dagaci ba, kai ka kwaso mazan zangon Mosawa da ganyen ayaba kuka kashe ta, tabon ƙunar yana nan a damtsenka har muka binne ka da shi. Da ƙanwar Kipren ta mutu wajen haihuwa ta bar jinjiri, matarka Alizeta ce ta ɗauke shi ta haɗa da ɗanta Isiyaka, nono ɗaya suka sha. Wannan jinjirin shi ne Zahui, shugaban samarinmu na yau, a riƙe sunan. Ko ƙwallo ake bugawa, muryarka ta fi ta kowa a gaban talabijin, kana goyon bayan Giwaye, 'yan wasan ƙasar nan, ko da kuwa da ƙasarku ta haihuwa suke karawa, 'yan uwanka suna kiran ka Bete mai salla.

Sai masu haƙar zinare suka zo da injina. Kipre ya ba su bakin rafi, su ma ba da hannu biyu wofi suka shiga gidansa ba. Kafin damina biyu ruwan ya koma ja, kifi yana tasowa ciki sama, matan da ke wanki ƙafafunsu suna saɓulewa saboda zaibar da ake wanke zinaren da ita. Wasu daga cikin mahaƙan 'yan ƙasarku ne, ba ka raga musu ba, su ne ka fara yi wa faɗa. Da suka zo da maganar ka ba su gefen gonarka, ka raka su har hanya da addarka a hannu.

A al'adarmu baƙo ba ya magana a taron gari. Yana zama a baya, ya raɗa wa maigidansa, maigidan ya tashi ya faɗa. Na kai maganarka gaban dattawa, na sake kaiwa, Kipre ya ce an ji, aka ci gaba da zagaya ƙoƙon bammi. Sai wata ƙaramar yarinya ta faɗa ɗaya daga cikin ramukan da aka bari cike da ruwa, aka tsamo gawarta. A taron da ya biyo baya ba ka raɗa min komai ba. Ka tashi tsaye, ka cire hularka.

“Iyayena, ku gafarce ni, na san ba a yin haka,” ka ce. “Amma ƙasar nan sayar da ita ake yi muna kallo. Daga nan har babban birni, duk wanda ya samu kujera sai ya sayar da abin da ke ƙarƙashinta. Na baro inda babu ruwa na zo na tarar da rafi, yau a gabana ake kashe shi. Jikokina a nan aka binne cibiyarsu, ba su san wani rafi ba.”

Zahui ne ya fara miƙewa. “Tsoho, wa ya ara maka baki? In ruwanmu ya yi maka ɗaci, motar Wagadugu ba ta daina lodi ba. Ka ci ka ƙoshi, yanzu akushin kake zagi?”

Aka yi masa tafi. Na dubi masu tafin ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ban taɓa jin ya faɗi abin da ya fi naka muni a rumfar bammi ba. Zahui kansa duk ranar da aka tare shi a shingen hanya, dawowa yake yana tsine wa ƙasar tun daga sama har ƙasa, a ce yaro mai kishi. Ɗan gari ya faɗa, sunansa kishin ƙasa, baƙo ya faɗa, ya zama butulci. Muna son ƙarfin baƙo da addarsa da zakaransa na shekara, muna son ya yi mana kuka a makoki, harshensa ne kawai muke so ya baro a kan iyaka. Ba a tsaya an tambayi ko gaskiya ka faɗa ba, maganar ta koma wane ne ya ba ka izinin faɗa.

Hukuncin da suka yanke shi ne a ƙaurace maka. Kada a gaishe ka, kada a saya a hannunka, kada a ɗauke ka ko kayanka a abin hawa, wanda ya karya doka tarar rago. Kipre ya ƙara da cewa gonar da aka ba baƙo don godiyarsa aka ba shi, ranar da ka mutu za ta dawo hannun gari. Na ce dajin mahaifina ne, suka ce mahaifina ya mutu, ƙasa ta kakannin kowa ce. Kowa ya san inda aka dosa, domin tuni mahaƙan suka kafa turakunsu masu jan fenti a gefen gonarka. Ni dai ban fasa gaishe ka ba, suka kama ragona suka ci, ina fatan har yau bai gama narkewa a cikinsu ba. Kai kuwa kullum ka wuce su sai ka ɗaga hannu, suna kau da kai. In na fusata sai ka ce, ƙanena bar su, za su huce.

Ba su huce ba. Ranar Talatan nan kana kwashe busassun ganye a gindin koko maciji ya sare ka a ƙafa. Ranar kasuwar garin Isiya ce, baburan zangonku duk sun tafi, abin hawa ɗaya ya rage a garin, babur mai ƙafa uku na Zahui. Ni da Alizeta muka same shi yana wanke shi a ƙofar gida. Tsohuwar nan ta durƙusa a gaban yaron da ta goya.

“Mama, ba ni na kafa doka ba,” ya ce, bai ko ajiye tsumman hannunsa ba. “In na ɗauke shi, ke za ki biya min rago?”

Na ce zan ba shi raguna biyu. Ya ce ba zancen rago ba ne, shi shugaba ne, ba zai fara karya doka ba. Alizeta ta miƙe, ta buɗe zanenta ta nuna masa nonon da ya sha, ta mayar ta rufe. Duk matan da ke wurin sun san wannan tsinuwar uwa ce, wasu har suka toshe baki. Muka koma muka cire ƙyaure. A hanya harshenka ya yi nauyi, ka kama hannuna ka ce, “Lago, gonar yaran.” Ba ka sake magana ba.

Muna dawowa da kai saƙon Kipre ya riga mu: maƙabartar baƙi a rufe take gare ka, wanda ya zagi ƙasa ba zai kwanta a cikinta ba, a kai ka garinku. Lissafinsu a fili yake. Iyalinka su bi gawa zuwa ƙasar Mosi, kafin su dawo gona ta zama ramuka. Amma in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Zafin ƙiyayya ya mantar da su dokar da ta girmi kujerar Kipre: duk inda mai ƙasa ya zuba giya aka binne mutum, wurin ya zama na ƙasusuwansa da zuriyarsa, ba a sayarwa, ba a sa masa shebur har abada. Gidanmu ne kuwa ya fara sare dajin Zagipa, hannunmu ne ke zuba giya kafin a haƙa kabarin kowa. Na ɗauki kwalbar giya na shiga gonarka, na tumɓuke turakun nan, na zuba daidai inda suke, na kira mahaifina ya zama shaida. Limaminku ya yi maka salla, muka sa ka kafin la'asar.

Ana cikin mayar da ƙasa Kipre ya iso da gudu, mayafinsa yana jan ƙasa, yana tambayata me na aikata. Na ce, “Ka hana shi taku uku a maƙabarta, ni na ba shi gona sukutum. In kana jin kai namiji ne, ranka ya daɗe, ga shebur nan.”

Ya waiwaya yana neman dattawan da suka yi masa tafi, kowa idonsa a ƙasa. Babu ɗan Bete da zai tone inda aka zuba, mahaƙan ma da suka ga tudun kabari ba su ƙara leƙowa ba. Yanzu ƙofar gidan Kipre suke zarya, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, har na ji an ce sun fara auna gonarsa ta gado. Zahui kuwa tun ranar babu macen da ta hau baburinsa, sun gwammace su ɗauki kaya a ka. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kuma bai ishe ni ba. Duk makokin da aka ba ni magana a ƙasar nan sai na ba da labarin ƙyauren nan da sunayensu. Ranar da Kipre zai kwanta dama, gidanmu za a zo neman mai zuba giya, su sani tun yanzu hannuna ciwo zai yi ranar.

Na san da kana raye za ka ce in yafe. Kai ka yafe in ka ga dama, Yaya, kai ne mai haƙuri. Ni a wajena rama cuta ga macuci ibada ce, kuma ina roƙon Allah kada ya ɗauki raina sai na ga kowannensu ya nemi wanda zai ɗauke shi ya rasa.

Ni ba musulmi ba ne, amma zama da kai ya koya min addu'arku. Allah ya jiƙan ka, Rasmane ɗan Tonde, ya gafarta maka, ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai ruwan da ba wanda ya isa ya gurɓata shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Alizeta, Allah ya ba ki haƙuri ya saka miki, da 'ya'ya da jikoki, da jama'ar zangon Mosawa, da 'yan uwansa na can gida da ba su sami ganin gawarsa ba. Isiyaka, kai ne babba yanzu. Koko ya nuna a kan reshe, in an share makoki ka kwashi ƙannenka ku shiga ku tsinka. Duk wanda ya tambaye ku da izinin wa, ku nuna masa inda ubanku yake kwance.