Kwalbar Yajin Alhaji

Shekara ashirin na yi ina dakon kaya a kasuwar Tokpa-Hoho, har bayana ya ce ya gaji. Likita ya hana ni ɗaukar buhu. Ni kuwa ban san wani aiki ba, karatuna bai wuce in rubuta sunana ba. Sai wani Alhaji ɗan unguwarmu, nan Zongo, ya ba ni kula da ɗakuna biyu da yake bai wa baƙi haya na kwana uku ko biyar. Yawancinsu 'yan kasuwa ne daga Kano da Maraɗi, masu zuwa sarin atamfa.

Ranar da ya miƙo mini makullan ya ce, "Wanda ka gada, don kaya suna ɓacewa na kore shi. Tawul, cokali, har buta. Abu ɗaya ya ɓata, ka kawo mini makullaina."

Na ce to.

Aikin ba wuya. In share, in canja zanen gado, in sa ruwa da lemo a firigo su yi sanyi, in jera biskit a faranti. 'Yar Alhaji ce ta kawo zancen biskit, wai haka ake tarbar baƙo yanzu. Ba mai taɓa shi. Sai danshin teku ya lausasa shi, in kai wa kajin gidana.

Abin da na lura, baƙin nan suna sayo abinci a bakin titi, shinkafa ko tuwon masara da kifi, su ci rabi su ture. Ni ma haka na yi shekarar da na zo garin nan. Abincin ba laifi, bakinmu ne bai saba ba. Na gaya wa mai ɗakina. Washegari ta daka yaji da ƙuliƙuli da citta da kanumfari, irin na gidansu. Na ɗauko kwalba mai murfin ƙarfe a kabad ɗin Alhaji, na cika, na ajiye kusa da biskit.

Baƙon farko, wani Bakano, ya tafi. Kwalba ta bi shi.

Na zaga kasuwa ban samu irinta ba. Da ina da hankali da na tsaya nan. Amma wata Hajiya 'yar Maraɗi ta sauka, na gan ta tana tura shinkafa kamar mai shan magani, na sake cika wata. Ita ma ta yi gaba da ita.

Na koma gida ina faɗa. "Mutane da carbi a hannu, suna satar kwalba!"

Mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Malam, wa zai tsallake talabijin ya saci kwalba? Ka ba mutum yaji, a aljihu zai zuba?"

Sati uku ina jan ƙafa. Ran wata Juma'a bayan masallaci na sa makullan a aljihu na nufi shagon Alhaji, na ce gara ya ji daga bakina. Ina shiga na tarar da Hajiyar nan ta dawo sari, ga kwalbar a kan kanta, babu komai a ciki.

Ta nuna ni. "Yauwa, ga shi nan! Alhaji, ni ba don gadonka na dawo ba, katifar ma ta lotsa. Ƙannena biyu na tafe, su ma nan za su sauka. A cika mini wannan."

Alhaji ya dubi kwalbar, ya dube ni. "Tawa ce wannan?"

"Taka ce. Akwai wata ma, tana Kano."

Na fito da makullan na ajiye gabansa. Bai dube su ba. Ya buɗe kwalbar, ya lakato ɗan abin da ya rage a gindi, ya sa a baki. Sai da ya yi atishawa sau biyu.

"Ni da nake maƙwabcinka ba a taɓa aiko mini ba, sai baƙi?" Ya turo mini makullan. "Ɗauki abinka. Amma kwalabena su zauna a kabad, ka ji?"

Yanzu a ƙananan robobi muke zubawa, mai tafiya ya tafi da nasa. Mai ɗakina tana daka sau biyu a sati, kuma kafin kowa sai an kai wa Alhaji. Katifar ma an canja. Bayana har yau yana ciwo da safe, amma makullan suna aljihuna. Biskit kuwa ina nan ina jerawa, tunda 'yar Alhaji ba ta janye ba. Kajina sun yi ƙiba.