Ƙusa Biyu da Zare: Ban Kwana da Kawun 'Ya'yana

Labarin rasuwarka ya same ni da babban yatsa a baki. Ranar Laraba ce, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi. Ina shagona na kafinta ina kwaikwayon yadda kake lanƙwasa leɓe in za ka yi Turanci, maƙwabcina mai walda yana ta ƙyaƙyata dariya, daɗi ya ɗebe ni na sauke guduma a kan yatsana. Ban gama tsalle ba na hango ƙanwarka, uwar 'ya'yana, tsaye a bakin ƙofa, takalmi ƙafa ɗaya nata, ɗaya nawa. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, "Yaya." Na Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Farcen ya yi baƙi, har yau yana nan, ban kuma nemi magani ba.

Yaya, masu gaisuwa sun faɗi alherinka. Sun tuna shekarun da ka yi kana akawu a gidan waya, tsofaffi na layi a gabanka kana karanta musu saƙon 'ya'yansu, in labarin mai zafi ne sai ka sa a ba mutum kujera tukuna. Duk gaskiya ne. Ni nawa daban ne. Kishinka nake yi, kuma mutuwa ba ta warkar da ni ba.

Abin ya faro ne daga kalma ɗaya. Mamana, 'yata ta fari, tana aji huɗu ta zo mini da littafi ta ce, "Baba, mene ne 'oval'?" Ni kuwa da makaranta mun rabu tun ina aji biyar, ba wanda ya sake neman wani. Amma uba ne ni, ga yarinya ta zuba mini ido. Na gyara murya na ce, "Zagayayye, kamar bakin bokiti." Washegari malamarsu ta kira ta allo, ta zana da'ira, aka ce ba haka ba ne, ta kafe ta ce babanta ne ya faɗa. Aji ya kwashe da dariya. Ranar ko abinci ba ta taɓa ba.

Da yamma sai ga ka a kan tsohon kekenka. Ba ka ce na yi kuskure ba, kuma da ka faɗa da ya fi mini sauƙi. Cewa ka yi a kawo ƙwai ɗaya da lemo ɗaya. Ka tsuguna a tsakar ɗaki da wannan gwiwar taka mai ciwo, ka ce Mamana ta mirgina su. Lemo ya miƙe har ƙarƙashin gado. Ƙwai ya yi 'yar tafiya ya karkato ya dawo. Ka ce, "Kin gani? Zagayayye ne da aka ja shi ya yi tsawo. Duk abin da ya ɗauko siffar ƙwai, da wannan kalma Bature ke siffanta shi. Tashi ki nemo mini irinsa a gidan nan." Ta kawo sabulu, ta kawo madubin uwarta, ta kawo farantin baƙi. Can ta tsaya ta ƙare wa sanƙona kallo ta ce, "Kawu, kan Baba ma 'oval' ne!" Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, amma tawa iya haƙora ta tsaya.

Daga ranar Mamana ta ɗauke tambayoyinta daga wurina. In ta ji ƙararrawar kekenka sai ta tsallake ƙafafuna kamar tabarma. Ni na saya mata jaka, kai ake nuna wa abin da ke ciki. Na laƙaba maka Kawu Ƙamus a bayan idonka. Har ƙamus ɗin na saya a ɓoye don mu kara, barci ya kwashe ni tun ban fita daga harafin farko ba.

Ka lura, don ba abin da ke wuce ka. Sai ka ba ni aikin teburin karatu mai siffar ƙwai. Na zana da ido, ya fito kamar dankali. Ka zo shago, ka tura ƙofa, ka ce, "Injiniya, ba ni ƙusa biyu da zare." Ka kafa ƙusoshin nesa da juna, ka ɗaura zaren sako-sako, ka ɗame shi da fensir ka zagaya. Siffar ta fito sumul. Na ce ina ka samo wannan? Ka ce, "A littafi. Amma ni ko zarto ban iya riƙewa ba. Gobe zan aiko maka da 'yarka, ka nuna mata. Kada ka ambace ni."

Na nuna mata. Ta zaro ido ta ce, "Baba, Kawu ma bai san wannan ba!" Ni kuwa, Allah ya shirye ni, na ce, "Ai ba komai ake samu a littafi ba." Ta koma zuwa shago bayan makaranta, tana riƙe mini awo. Ka dawo mini da 'yata, sai kishin ya ƙaru, don ko girman da nake taƙama da shi aro ne daga wurinka. Na yanka saman teburin na jingine shi. Duk sanda ka tambaya sai in ce katako bai bushe ba, kai kuma ka ce, "Ba sauri, Injiniya."

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mini a gaban 'yata. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙanwarka, da Mamana, wadda har yanzu kan ɗaga kai in keke ya wuce. Allah ya ba mu haƙurin rashinka.

Mamana ta fi ni karatu yanzu, za ta ga wannan rubutu, za ta san mai ƙusa da zare. Na saɓa maka, ka yafe mini. Kayan aro ne, mai shi ya tafi, dole in mayar. Abin da za ta ɗauke ni bayan haka, ni zan nema da hannuna. Katakon kuma ya bushe tuntuni, Yaya. Ƙafafu huɗu suka rage, in kafa su in kai wa mai ɗakinka teburinka, in Mamana ta yarda ta riƙe mini awo.