Ƙusa Ɗaya, Huda Biyu

Ni na fara gani. Kafin masu sa ido su gani, kafin 'yan birni su sa a takardunsu, ni Leki-Bere na Fatuhale na riga na san abin da ke cikin babban yatsan Ermelinda. Ban taɓa zama a aji ba, kuma abin bai dame ni ba. Ni ke faɗa, malamin cocinmu ke rubutawa, na kuma ja masa kunne kada ya gyara mini magana. Shekara uku na yi a kan dutse ina cin saiwa lokacin yaƙi. Sau biyu aka yi mini addu'ar mamaci ina nan da raina, har yau akwai ƙarfe a cinyata. Mutum irina ba ya yabon kowa da arha.

Wanda ya bi ta ƙofar gidanta da safe zai same ta yadda ta saba. Ta shanya kofi a tabarma, ta ɗora tukunyar masara da kabewa, ta ɗaura abin saƙa a ƙugu ta miƙe ƙafa, tana saƙa zane tana tauna bua, goron wajenmu, har bakinta ya yi ja. In shekarar zaɓe ce, da hantsi take naɗe saƙar, ta jefa ƙusa ɗaya da tsofaffin takardu cikin jakar kaba, ta hau tudu gida-gida. Darasinta guda ne tal: "Buɗe ta duka, Kaka. Shimfiɗa ta. To, yanzu huda." Sama da shekara ashirin tana wannan. Bana ta ajiye aikin don idonta ya yi rauni. Ba a buga mata ganga ba, ko kaza ba a yanka ba. Shi ya sa na ce a rubuta.

Bayan yaƙi, ƙasar nan ta zauna a hannun baƙi masu fararen motoci, mu malae muke ce musu. Da suka fara sakar mana ragama, sai doka ta zo cewa sandar shugaban gari ta daina bin gado, za ta bi ƙuri'a. A wajenmu kuwa ƙuri'a da ƙusa ake yinta: ka shiga ɗan ɗaki, ka huda alamar wanda kake so, ka jefa a akwati.

Mutum biyu suka tsaya. Anselmo, yayan Ermelinda uwa ɗaya uba ɗaya, wanda sandar ta yi kaka da kakanni a gidansu, alamarsa zakara. Sai Gaspar, mutuminmu na kan tudu, da ya sauko daga daji da yatsu uku a hannun dama, alamarsa doki. Mutanen kwari na Anselmo ne, mu na tudu na Gaspar. Kowa ya san wanda ya sunkuyar da kai lokacin sojoji da wanda ya gudu dutse, kowa kuma ya san wanda ya nuna gidan wani. An shimfiɗa tabarmar sulhu, an tauna bua tare, amma bua ba ta goge tunani.

Da aka ce Ermelinda ce za ta shugabanci rumfar zaɓe, mutanenmu suka yi gunaguni. Ita ce ta iya karatu da lissafi fiye da kowa, amma ƙanwar ɗan takara ce. Ni na kashe maganar. Na ce musu, "A Fatuhale in kuna neman wanda bai haɗa jini da ɗan takara ba, sai ku ɗauko akuya ku ba ta alƙalami. Ita ma ku bincika garken wa ta fito."

Takardun sun zo daga birni a bayan dawaki, kowace a ninke biyu, zakara a wannan fuska, doki a waccan. An ce a buɗe kafin a huda. An faɗa, ban musa ba. Amma wanda ya faɗa bai san mu ba. Mu da muka yi zaɓe a zamanin da soja ke leƙo ta tsakanin gora, ba ma shimfiɗa takarda a fili. Danne ta muke yi a jikin ciki, mu rufe da tafin hannu. Ni da kaina na zagaya tsofaffin tudu na ce, "Kada wanda ya buɗe. Ku juya wajen doki, ku soka, ku jefa." Sun ji maganata, domin ana jin maganata. Wasu tsofaffin kwari ma, da ba ni na koya musu ba, haka suka yi. Tsoron ɗaya ne.

Aka rufe rumfa da azahar, aka fara ƙirga a makarantar gari, jama'a cike da tagogi. Addunan da kowa ke yawo da su saboda gonar kofi an tara su gindin bishiyar da ke bakin fili, haka doka ta ce. A kujerar gefe kuma ga mai sa ido, wani dogon malae da rana ta ƙone wa kunnuwa, yara da manya Jan Kunne suke kiransa. Ya iya harshenmu daidai na sayen ayaba da neman hanya.

Ermelinda na ɗaga kowace takarda sama, haske ya ratsa hudar, ta kira suna. A ta tara ta tsaya. Huda biyu: ɗaya a ƙirjin zakara, ɗaya a wuyan doki. Ta ajiye gefe. Kafin la'asar gefen ya zama tsibi. Zakara ɗari da tamanin, doki ɗari da sittin da ɗaya, masu huda biyu saba'in da ɗaya.

Wakilin Anselmo ya miƙe ya ce littafin dokar zaɓe ya faɗa ƙarara, alama biyu ƙuri'a ta lalace. Gaskiya ya faɗa, haka littafin ya ce. Anselmo na tsaye a bakin ƙofa, ya ce, "Linda, karanta sakamako. Mutane na da nisan tafiya."

Ba wanda ya ɗaga murya. Na dai duba ta taga na ga samarin tudu sun fara zamewa ɗaya-ɗaya wajen bishiyar nan, kamar masu neman inuwa. Na kwari ma inuwar suka fara so. Na taɓa ganin irin wannan tafiya, na san inda take ƙarewa.

Ita kuwa ba ta duba kowa ba. Ta ɗauki takarda ɗaya daga tsibin, ta mayar da ita kan ninkinta, hudar biyu suka haɗu suka zama ɗaya. Ta buɗe, ta shafa babban yatsanta a kan zakara, ta shafa a kan doki. Ni kaɗai na lura da yatsan nan, domin uwata masaƙiya ce, na san yadda suke gane fuskar da allura ta shiga.

Ta ɗago ta ce, "Kawu Leki, wannan aikinka ne?"

Na ce, "Nawa ne, kuma mai kyau ne. Ƙusa ɗaya, aiki biyu."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ba ta kai ciki ba. Wata tsohuwa daga taga ta ce, "Tsohon banza, ka tsira daga harsashi ka zo ka kashe mu da ƙusa."

Ermelinda ta juya ga Jan Kunne ta nuna masa. Inda ƙusa ta shiga, takarda kan lotsa ciki, bakin hudar sumul. Inda ta fito, takarda kan tashi, yatsa na jin kaushinta. Wanda aka zaɓa shi ne mai huda sumul a fuskarsa. Ɗayan, ƙusa ce kawai ta bi ta bayansa ta fita. Ta buɗe littafin a wani shafi ta karanta inda aka ce ƙuri'a na nan daram matuƙar nufin mai ita a bayyane yake.

Wakilin Anselmo ya ce, "Yanzu duba za a yi mana da yatsa?"

A nan na shiga. Na ce a ba ni takardun gwaji da ƙusa, a ɗaure mata ido da zanenta. Na juya baya, na soka goma a ninke, ina nuna wa wakilan 'yan takarar biyu da malae wanda na soka. Aka buɗe aka miƙa mata. "Doki. Doki. Zakara. Doki." Goma cif, ba ta kuskure ba. Wakilin ya ce shi zai soka da hannunsa. Ya soka biyar, ta faɗi biyar, ta ƙara da cewa ta huɗun hannunsa ya yi rawa. Jan Kunne ma ya rufe ido ya gwada, ya samu bakwai cikin goma, ya yi ta murna kamar ya ci zaɓen.

Sai ta tambaye shi, "To, malam baƙo, me ka ce?"

Ya ce ta bakin tafinta, "Ni ido aka aiko ni, uwargida, ba hannu ba. Abin da na gani zan rubuta. Hukunci naki ne."

Na ga baƙi da yawa a rayuwata, masu bindiga da masu littafi. Wannan ne na farko da na ji ya ce hukunci namu ne.

Anselmo ya tako har gaban teburin. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Kin san na waye waɗannan takardun."

Ta ce, "Ban sani ba tukuna, Yaya. Ban ƙirga ba."

"Kin sani. Sandar Baba ce za ki miƙa wa tudu."

"Ba a ba ni sanda in riƙe ba. Akwati aka ba ni."

Ya ce, "In kin ƙirga su, kada ki hau matakalar ɗakin kakanni."

Ta tofar da bua ta goge baki. Sannan ta jawo tsibin. Kowace takarda sai ta shafa, ta miƙa wa wakilin zakara ya shafa, na doki ya shafa, sannan ta kira. Doki hamsin da takwas, zakara goma sha uku. Gaspar ya ci. Wakilan biyu suka sa hannu, malae ya sa nasa a matsayin shaida. Kowa ya je gindin bishiya ya ɗauki addarsa ya tafi gida da ita a kube.

Anselmo ya cika maganarsa. Shekara shida, duk bikin sabuwar masara, dangi na hawa ɗakin kakanni a raba musu bua, ita tana gida tana saƙa. Ko da uwarsu ta rasu, daga ƙasan matakala ta tsaya. Ban taɓa jin ta kai ƙara wajen kowa ba. Jan Kunne ya koma ƙasarsu, fararen motoci suka ragu har suka ƙare, ita ta ci gaba da hawan tudu da ƙusarta. Gidana ta fara zuwa. Ta ce, "Kawu, buɗe ta. Ba mai leƙenka yanzu." Sau uku na gwada kafin hannuna ya yarda.

Zaɓe ya sake zagayowa, Anselmo ya sake tsayawa, ya ci Gaspar da ƙuri'a tara kacal. Tara. A ƙasa irin tamu, tara ba ta isa ta hana jini ba. Samarinmu suka zo wajena suna huci, na tambaye su wa ya ƙirga. Suka ce Gwaggo Linda. Na ce to ku je ku tsinki kofinku. Gaspar da kansa ya ɗauki sandar da yatsunsa uku ya kai wa Anselmo. A wannan shekarar, da masara ta nuna, aka ga Anselmo ya tako gidan ƙanwarsa da kwandon bua a hannu. Abin da suka faɗa wa juna ban ji ba, kuma abin da ban ji ba ba na faɗa. Na dai gan ta a saman matakala.

Ke ce, Ermelinda, mai ido a yatsa. Ke ce kika ƙirga yayanki ya faɗi, kika ƙirga shi ya ci, fuskarki ɗaya a duka biyun. Baƙi sun kawo akwati da littafi, mun gode musu, amma akwati itace ne. Abin da ya sa muka ajiye adda shi ne sanin hannun da ke buɗe shi. Na gode miki a madadin tsofaffi saba'in da ɗaya, waɗanda yawancinsu yanzu suna ƙasa. Ku da za ku gaji teburinta, ba sai kun iya saƙa ba. Ku dai ƙirga abin da ke gabanku, ko da gidanku zai rufe muku ƙofa.

Wanda ya ce tsoho ya ƙara gishiri, hanyar Fatuhale ba a ɓoye take ba. Ya zo da takardarsa da ƙusarsa, ya ninke, ya soka a bayan ɗaki inda ba mai ganinsa. Ba sai an ɗaure mata ido ba yanzu, shekaru sun yi wannan aikin. In ta kuskure ko sau ɗaya, ya zo ya tono ƙarfen da ke cinyata ya tafi da shi.