Firjin da Aka Yi wa Rumfa

Ana sallame sallar asuba muka bar unguwar Kambarawa ta Katsina a a-kori-kurar haya, ni da abokin aikina mai walda. Raina a ɓace yake. Saƙo ya zo daga rugar da muka kafa firjinmu cewa kwana tara bai yi sanyi ba, madarar mata na ta lalacewa, har sun ce a zo a kwashe shi. Shekara guda na yi ina zana abin nan.

Ta Ƙofar Kwaya muka fita, bango duk hotunan 'yan takara, kowa na alkawarin lantarki. Tun da soja suka koma bariki muke jin wannan, shi ya sa na yi firjin da ba ruwansa da waya. Rana ce ke gasa gawayin da ke cikin akwatin gilas, ya saki sinadarin da ya sha. In ya huce da dare sai ya sake tsotse shi, tsotsar nan ce ke sanyaya akwatin madara.

Kwalta ta ƙare, ramuka suka karɓe mu. Ƙosan da muka saya a hanya ya yi tsada, ga shi ƙanana kamar an auna da cokalin shayi.

Da isarmu, bayan doguwar gaisuwa da kindirmo, aka kai mu wurin firjin. Sai ga shi cikin rumfar zana sabuwa fil, an share ƙasa, an yayyafa ruwa. Abokina ya juya baya yana danne dariya.

Wata dattijuwa, uwar masu nonon, ta dube ni ta ce, "Malam, mu munka yi mashi. Ina ka taɓa ganin an aje randa a rana?"

Kunya ta kama ni, don ban taɓa yi musu bayani ba. Kuma da na duba, rabin maganarta gaskiya ce, akwatin madarar na son inuwa. Muka yaye zanar da ke kan gilas, muka bar sauran. Na ce ba inda za ni sai na ga sanyi.

Muka kwana. Da hantsi ta sa hannu cikin akwatin, ta daɗe ba ta fitar ba, sannan ta aika a kawo ƙoren madara.

Da la'asar muka shigo Katsina. Na gane zane bai kammala ba sai mai amfani da shi ya sa baki. Ko wanka ban yi ba na ɗauko takarda, na tsawaita bututun da ke haɗa gilas da akwatin madara, don gilas ya sha rana akwati ya sha inuwa, na zana rumfar dattijuwar a cikin tsarin.