Kaburburan Bayan Katanga

Cikin shekarun da na yi a soja, kafin in dawo nan Gwarzo in sa rigar ɗan doka, ranar da ta ƙi fita raina ita ce ranar da aka tura mu sharar maƙabartar Jamusawa. Ku sababbin shiga ku matso, tunda yau ba wanda ya kawo ƙara.

Lokacin ina kofur, wato mai igiya biyu. Sama da ni akwai saje, sama da shi samanja, sannan Bature. Yaƙin Jamus na farko ya daɗe da ƙarewa, na biyu bai zo ba. Aka ce za a kai kamfaninmu wani gari a kan dutse a ƙasar Kamaru, ɓangaren da Ingilishi suka karɓa.

Kafin mu tashi na je Masanawa yi wa Gwaggo Hajjo sallama, ƙanwar mahaifina. Mijinta, Malam Tanko, bafatake ne. Ya tafi Adamawa da jakunan kanwa, Jamus suka kama shi suka sa masa kaki. Abokin tafiyarsa ya ce a wannan garin da za a kai mu ya yi masa ganin ƙarshe, ana gobe za a gwabza. Tun daga nan shiru. Alƙali ya ce tana iya yin aure, ta ce ita ba a gaya mata ya mutu ba. Ko takaba ba ta yi ba.

"Audu," ta ce, "in ka je ka duba min. In ya mutu, ina so in san ko an binne shi yadda ake binne mutane."

Na ce to, Gwaggo. Me zan ce?

Turawa suna da rana guda a shekara da suke tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Kyaftin ɗinmu, wanda muke kira Mai Lofe, ya ce bana har Jamusawa za a sara wa. Wani soja ya tambayi samanja a hankali, ba su ne aka ce mu harba ba? Samanja ya ce wancan umarnin da ne, wannan na yau ne.

Maƙabartar ƙarama ce, an kewaye ta da katangar dutse. Kowane kabari da gicciyensa da sunansa. Na roƙi akawun kamfani ya karanta min, babu Tanko, babu ma sunan da baƙin mutum zai amsa.

Aikin da aka ba ni shi ne in ɗauki sojoji mu sare dajin bayan katanga, mu baje ƙasar, don nan kamfani zai tsaya fareti. Mun fara ke nan fartanyata ta doki wani abu. Na tona da hannu, sai ga bakin tukunya. Gaba kaɗan ga wata. Da ciyawa ta kwanta muka ga ƙasar ta yi tudu-tudu, duk sun miƙe kudu da arewa, saɓanin na cikin katanga. Kowa a cikinmu ya taɓa zuwa jana'iza. Mu ne ke rufe rami da fasassun tukwane, mu ne ke kwantar da mamaci ya fuskanci gabas. Ban ce a tsaya ba, amma kowa ya ajiye fartanyarsa.

A soja, kofur ba ya magana da Bature kai tsaye. Na gaya wa saje, saje ya gaya wa samanja. Samanja ya ce shi fili aka ce ya kawo, kuma in rana ta yi tsaka ƙasar nan ba ta baje ba, igiyata ɗaya za ta tafi. Na ce ta tafi. Muna cikin haka Mai Lofe ya iso duba aiki.

Ya tambayi samanja, samanja ya tambayi saje, saje ya tambaye ni, alhali Baturen yana tsaye dab da ni har warin tabarsa na shiga hancina. Amsata ma ta bi wannan hanya ta koma.

"Su wane ne a nan?"

"Sojojin Jamus ne, ranka ya daɗe. Baƙaƙen."

"Babu su a takarda."

"Suna ƙasa, ranka ya daɗe."

Samanja ya ɗan yi tari kafin ya isar da wannan. Mai Lofe ya dubi tukunyar ya daɗe, sannan ya ce kada a taka wurin, fareti ya koma kan hanya.

Ranar ta zo, aka busa begila, Turawa suka ajiye furanni, muka ƙame muka sara wa Jamusawa. Da aka sallame mu, mu Musulmin kamfani muka zaga baya muka tsuguna. Limamin bariki ya yi addu'a, muka yayyafa ruwa, muka ɗora ƙaya saboda namun daji. Na yi sallama, na kira sunan Malam Tanko, na ce Hajjo tana gaisuwa. Ban san wanne ne nasa ba, ban ma san ko yana ciki ba. Na yi kuka a wurin, kuma ba wanda ya kai ni ƙara.

Da na sami hutu na je Masanawa na gaya mata abin da na gani, ban ƙara gishiri ba.

"Da tukwane?" ta ce.

"Da tukwane, Gwaggo."

"Kudu da arewa?"

"Haka suke. Amma fa ban ce yana ciki ba."

"Kai ba ka ce ba," ta ce. "Ni na ce."

Washegari ta aika aka gaya wa liman, ta cire awarwaronta, ta shiga takaba, kanta duk furfura.

Abin da na koya ke nan a aikin kaki, kuma ku ma kaki ne a jikinku. Za a ba ku umarni, ku bi. Amma duk mutumin da aka ce muku babu shi a takarda, ku sani akwai wadda take zaune a wani ƙauye tana jiran labarinsa.